Ragon da Na Mayar Nijar

Tun da na dawo ba a bar ni na huta ba. A ƙofar masallaci, a ofishin malamai, har wurin mai nama, tambayar ɗaya ce: wai da gaske ne Firinsifal ya ja rago da hannunsa daga Ƙaura har Nijar? Malam Bala mataimakina ya ba da labarin ya fi a ƙirga, alhali ko tasha bai raka ni ba, kuma kullum ragon ƙara girma yake a bakinsa. Jiya na ji ya kusa kai ɗan maraƙi. To ga shi daga bakin mai abin. Wanda zai yi dariya ya yi, ni ma na yi wa kaina, daga baya dai.

Ni ne shugaban wata sakandaren kwana ta maza a Ƙaura Namoda. Ban daɗe a kujerar ba. Ranar da na kama aiki na tara malamai na yi musu jawabi mai zafi a kan amana: ba kyauta, ba alfarma, ba wannan ɗan wane ne. Har tebur na buga. Jawabin nan ya yi mini daɗi ƙwarai, na je gida na maimaita wa matata Hajara shi tun daga farko, sai da ta ce tuwo na hucewa.

Sai ga jarrabawar ƙarshen shekara. Aka kama wani yaro ɗan aji biyar, Nafi'u, ya rubuce ƙafarsa da dabarun lissafi tun daga idon sawu har gwiwa, ya saki wando a kai. Dokarmu a kan satar amsa kora ce, sai dai in kwamitin ladabtarwa ya ga dalilin sassauci, a soke sakamakon yaro ya maimaita aji. Ni ke da maganar ƙarshe a kwamitin. Kuma gaskiya zuciyata ta karkata ga sassauci, don yaron ba fitinanne ba ne, ga shi rabin shekarar nan ajinsu ba su ga malamin lissafi da ido ba. Aka tura shi gida ya jira zaman kwamiti bayan hutu. Gidan nasu wani ƙauye ne can gaba da Jangeru, an ɗan tsallaka cikin Nijar. Uwarsa 'yar wajenmu ce, shi ya sa yake karatu a nan.

Rannan na dawo daga ofis na tarar da rago ɗaure a tsakar gidana. Ɗan uda ne, gaba baƙi baya fari, ƙaho ya murɗe, yana cin dusa kamar a gidan aka haife shi.

Na ce, "Hajara, na wa na wanga?"

Ta ce, "Naka na. Baban wani ɗalibinka, Nafi'u, ya aiko kawun yaron da shi."

"Kinka amsa?"

"To in kore shi? Har tukuici na ba shi."

Innalillahi! Tukuici. Kowa ya san in an ba ɗan aike tukuici magana ta ƙare, kyauta ta karɓu. Na zauna a bakin rijiya na dafe kai. Shi kuwa gogan ya ɗaga baki ya yi wani kuka da na tabbata har gidan mai gadi an ji. Washegari ina shiga ofis Malam Bala ya tarye ni da fara'ar da ban taɓa gani a fuskarsa ba. "Ranka ya daɗe, an ce an yi baƙo a gida. Allah shi kai mu Sallah lafiya." Malamai biyu da ke wurin suka sunkuyar da kai, kafaɗunsu na rawa.

In na sassauta wa yaro, za a ce rago ne ya yi magana. In na kore shi ragon ubansa na turkena, na zama azzalumi mai ci ya goge baki. Sai na yanke abin da nake ganin shi ne jarunta: in mayar da rago da hannuna, in dawo in kori yaro, in ga mai sauran abin cewa. Ku lura da kyau. Kafin rago ya zo niyyata in bar yaron, da rago ya zo na yanke in kore shi, kuma a tsakani Nafi'u bai ƙara laifin komai ba. A lokacin ban ga wannan ba, sunana kawai nake hange.

Hajara ta ce kawun ya ce a Dauran yake sayar da albasa, sunansa Sale. Na ce to da sauƙi, hanyar Zurmi ce, in je in dawo kafin la'asar. Na saka babbar rigata fara mai sitaci, don ina so a ga wanda ya maido kyauta ba ƙaramin mutum ba ne.

A tasha direba ya buɗe bayan mota, rago ya kafe ƙafa ya ce sam. Aka tura, aka ja, aka ɗaga, ya fito ta inda ya shiga. Ƙarshe sai da na biya masa wurin zama, ya shiga tsakanin gwiwoyina a kujerar baya. Wata tsohuwa da ke gefena ta ce, "Alhaji, suna na ko Sallar ce kaka gaggawa?" Na ce mata amana ce zan mayar. Ta ce, "To amanar taka ta jiƙa ma riga." Na duba. Gaskiyarta.

Kun san halin da hanyoyinmu suke ciki. Ba mu tashi ba sai da motoci suka taru aka jera, kuma duk motar da ta taho daga gaba direbanmu sai ya rage gudu ya leƙa ya ce, "Hanya lahiya?" Da muka shiga inda daji ya yi duhu hira ta mutu, tsohuwa ta ciro carbi, kowa ya zuba wa gefen titi ido. Rago kaɗai ne bai san ana tsoro ba, yana ta kuka, wani ɗan kasuwa a gaba ya juyo ya ce don Allah in rufe masa baki. Na rungume kan rago a ƙirjina ina lallashi kamar mai goyo, ni da ɗalibai ke gudu in sun ji takuna.

Na sami Sale a rumfar albasarsa, ɗan dattijo mai saurin magana. Bayan gaisuwa na miƙa masa igiya na ce ga saƙonsa ya mayar. Ya mayar da hannuwansa baya kamar na miƙo masa garwashi.

"A'a, Malam. Ni ɗan aike na. An ba ni tukuici na ci goro da shi, aikena ya ƙare. Mai rago na can, Malam Iro." Sai ya tsaya ya dube ni da kyau. "Tsaya. Maishe shi za ka yi? Kai da kanka?"

Na gyara tsayuwa na ce da kaina, ko da ƙarshen duniya ne.

Sai na ga idon mutumin nan ya ciko. Ya kama hannuna da hannu biyu yana jijjigawa, yana cewa Allah shi saka, Allah shi ƙara irinku. Ya sa aka damo mini fura, ya kwatanta mini hanya, ya ce zai buga wa wani waya a kai labari. Wallahi kaina ya kumbura. Na ce a raina, ka gani, ko mai albasa ya san darajar mai gaskiya in ya gan shi. Ban tambaye shi dalilin hawayen ba, don a ganina na riga na sani.

Daga Dauran babu yadda za ka kama hanyar Shinkafi cikin kwanciyar hankali sai ka komo Ƙaura. Na ratsa garina da rago a cinya, na ja hula ta rufe mini rabin fuska, ban yarda na leƙa gida ba don na san dariyar da ke jirana. Na sake mota.

Gab da Shinkafi aka tsayar da mu a shinge. Wani jami'in tsaro mai bindiga ya leƙo ya ga rago ya ce in sauko. Ina shaidar sayensa? Babu. A ina na saya? Ban saya ba, ba ni aka yi. To ina zan kai shi? Zan mayar wa wanda ya ba ni. A ina? A Nijar. Yana jin haka ya kira abokan aikinsa su zo su ji. A ƙasar da satar dabbobi ta hana kowa barci, ga mutum da riga mai ɗoyin fitsarin rago yana cewa kyauta zai tsallaka da ita iyaka. Ni kaina da nake faɗa ban yarda da labarin ba. Na fara hango sunana a bakin mutanen Ƙaura, ba a kan cin hanci ba kuma, a kan satar rago.

Allah ya taimake ni wani ƙato daga cikinsu ya matso ya ƙura mini ido, sai ya ƙame ya sara. "Malam Dorina!" Ban san da wannan sunan ba sai ranar. Ashe na koyar da shi tarihi shekarun baya, kuma ya ce har yau in hadari ya taso bayansa na tuna masa da ni. Ya ce wa 'yan uwansa, "Ku bar shi. Wanga ko allura ba ya ɗauka, mugunta dai gare shi." Na yi godiya, don ban ga abin da ya fi godiyar ba.

A Shinkafi na sauka gidan Malam Lawali, abokina tun kwalejin horon malamai, wanda ya daɗe yana shugabancin makaranta tun ina ɗan malamin aji. Tsakar gidansa kaji ne da zabi da agwagi ko'ina, ya bi su yana nuna mini: wannan uban wane ya kawo, waccan kakar wane. Na ce, "Lawali, ba ka jin tsoron Allah?" Ya ce, "Ina ji mana. Ina amsa, in ci, in yi abin da doka ta ce. Wanda ya kawo kaza don Allah ya samu lada, wanda ya kawo don maki ya yi asarar kaza." Ni kuwa na samu wurin jawabi. Bayan magariba aka kawo tuwon dawa da miyar kuka ta sha man shanu, ina ci ina zuba masa bayani a kan amana da shugabanci. Ya bar ni na gama tsaf.

Ya ce, "To yaron, mi za ka yi mai?"

Na ce, "Kora."

"Da ragon bai zo ba hwa?"

Na kai wata ƙatuwar loma baki. Na daɗe ina taunar tuwon da ba ya buƙatar tauna, shi kuma bai sake tambaya ba. Na ji haushinsa sosai, haushin da kake ji in an taɓa maka inda ke ciwo. Aka shimfiɗa mini a ɗakin da suke ajiye buhunan gero. Da safe muka tarar gogan ya tsinke igiya ya share zogalen da uwargidan Lawali ta shanya. Duk da haka baiwar Allah ta ƙulle mini hoce da ƙuli na guzuri, ta ce in ci ni kaɗai, abokin tafiyata ya riga ya karya.

Daga Jangeru mota ba ta zuwa inda za ni, sai ɗan kabu-kabu. Aka ɗaure ƙafafun rago aka gicciye shi tsakanina da mai babur, ƙahonsa a haƙarƙarina. Hanyar yashi ce zalla, babur na tafiya yana wutsil-wutsil, ni kuma ina bitar jawabin da zan yi wa Malam Iro. Na tsara shi da kyau: zan fara da ladabi, in hau kan illar toshiyar baki, in rufe da cewa makarantata ba kasuwa ba ce. Ina daidai kan "ba kasuwa ba ce" muka shiga wani busasshen rafi, babur ya kwanta, ni na yi gabas hula ta yi yamma. Rago kaɗai ya sauka a kan taushi, wato a kaina.

Iyakar da nake zaton zan ga ƙofa da gini, ashe igiya ce a kan ganga biyu da 'yar rumfar zana. Wani jandarma, jami'in tsaron Nijar, na zaune yana fifita gawayin shayi. Ya amsa sallamata da Hausar da ta fi tawa, ya karɓi katina ya juya shi gaba da baya ba gaggawa. Da ya ji aikina ya ce, "A, direkta na lakwal," wato shugaban makaranta, ya miƙe ya sara mini, abin da ko mai gadin makarantata ya daina yi. Sai ya dubi rago ya dube ni.

"Direkta, tun da anka kawo ni nan, rago daga wajenmu shika tahiya wajenku. Ban taɓa ganin wanda ya komo ba. Ko bai ji daɗin Najeriya ba?"

Ya ɗaga igiya muka wuce yana dariya. Abin da na lura da shi a can, ba sa sauri a kan komai. Gaisuwa sai an tambayi gida da gajiya da dabbobi da ruwan bana ɗaya bayan ɗaya, kuma jira ake ka amsa kowace. Burodinsu dogo ne kamar sanda, ɓawonsa na yanka dasashi. Mun wuce lakwal ɗinsu, aji biyu na zana, yara na rera karatu da Faransanci, amma da aka tashi sai na ji irin zagin da yaranmu ke yi wa juna, kalma ba ta canja ba. Gero iri ɗaya, rumbu iri ɗaya. Fura dai tasu ta fi tamu nono, wannan na yarda.

Saƙon Sale ya riga ni isa. Tun daga bakin gari na ga mutane tsaye, dattawa a gaba. Na sauka, na kakkaɓe abin da ya rage na babbar rigata, na kama igiyar rago. Wani dogon mutum siriri mai furfura a gemu ya fito daga cikinsu, aka ce mini shi ne Malam Iro. Muka yi doguwar gaisuwarsu har ta ƙare. Na gyara murya.

"Malam Iro, na zo ne in maido maka da ragonka, domin..."

Iyakar abin da na samu faɗa ke nan daga jawabin da na sha faɗuwa a kansa. Wuri ya ɗauki kabbara. Daga cikin gida mata suka rangaɗa guɗa. Malam Iro ya karɓi igiya, wani tsoho ya rungume ni duk da warin da nake yi. Aka ja ni zaure, aka shimfiɗa sabuwar tabarma, aka ɗora shayi. Ni dai na yi tsuru-tsuru, don ban taɓa ganin an ƙi karɓar hancin mutum ya yi murna haka ba.

Limamin garin ne ya warware mini, shi ma ba don ya san ban sani ba, yabo yake yi. Ya ce wa jama'a su shaida. Ya ce a al'adarsu tun ta makarantar allo, uba ba ya ɗauke ɗansa daga hannun malami hannu rabbana. Dabba yake aikawa ta sallama, ma'ana na gode, a yafi juna, na karɓi ɗana. In malami ya riƙe, an rabu lafiya ke nan. In kuwa ya maido, to ya ce bai saki ɗalibinsa ba. Ya ce shi da furfurarsa a bakin tsofaffi kawai ya taɓa jin an maido, sai yau ga malamin boko ya ratso daji da ƙafarsa saboda ɗan talaka.

Ashe Malam Iro da ya ji abin da ɗansa ya yi, kunya ce ta kama shi. Ya ce kafin a koro masa yaro gara ya ɗauke shi da kansa cikin mutunci. Ba roƙo ya aiko ba, sallama ya aiko. Har ya riga ya damƙa wa Nafi'u sanda da garken tumaki, rigar makarantarsa ma na gan ta a jikin wani ƙanensa, ta kai masa gwiwa.

Jama'a, na sha kunya a rayuwata, amma ban taɓa shan irin wannan ba. Ana ta sa mini albarka, ni kuwa na san abin da ke cikin aljihun zuciyata: na zo in wanke hannuna ne don in ji daɗin korar ɗansu. Shayinsu hawa uku ne, na fari ɗaci, na biyu dama-dama, na uku zaƙi, kuma ba a tashi sai an gama. Duka ukun ɗaci suka yi mini. Aka yanka zabi, aka yi tuwon gero, na ci kamar mai cin magani.

Da la'asar Nafi'u ya dawo daga kiwo. Ya rame, ya yi baƙi. Ya durƙusa ya gaishe ni bai ɗago ba. Da mutane suka tashi salla ya kawo mini buta, ya tsaya har na gama alwala, sannan ya yi magana ƙasa-ƙasa.

"Malam, ni na san makaranta, su ba su sani ba. Na san ba a amsar kyauta wajenka. In korar ce dai za a yi, don Allah ka hwaɗa mani nan, in san yadda zan yi da Baba. Kada in bi ka a sake maido ni, shi ji kunya sau biyu."

Na ce ya je ya yi salla.

A zauren na kwana. Da safe bayan an kawo kunu na roƙi Malam Iro mu ɗan taka bayan gida, inda ragon ke ɗaure. Na gaya masa gaskiya, ba jawabi ba ado. Na ce ban san al'adar nan ba. Na ce na zaci toshiyar baki ya aiko mini, na kawo ne don kada a ɓata mini suna, kuma da niyyar korar yaron na baro gida.

Na ga maganar ta soke shi. Can ya ce, "Toshiya? In ba ka rago don ka rufe satar da ɗana ya yi? Haka kunka ɗauke mu?" Na ce haka na ɗauka, kuma na yi kuskure. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Sai ya sunkuya ya kwance ragon daga turke. Ya miƙo mini igiyar.

"To ga shi, Malam. Jiya ba ka sani ba, yau ka sani. In ka riƙe, mun rabu lahiya, ba wanda zai ji daga bakina. In ka maido, ka maido."

Na karɓa. Igiyar nan da na ja tun daga Ƙaura, ta ci mini tafin hannu, sai a lokacin na ji nauyinta. Na tuna Malam Bala da fara'arsa, na san ko na koma ba rago sai an ce wani abu na karɓa a ɓoye wanda ya fi rago. Rago ya dube ni yana tuƙa. Na ce, "Malam Iro, sakamakonsa na bana ya tafi. Zai maimaita aji, ƙannensa za su zama abokan zamansa, kuma za a faɗi laifinsa gaban makaranta duka. Wannan ba zan ɗauke masa ba." Ya ce, "Ban roƙe ka ba." Na kama hannunsa na saka masa igiyar a ciki.

Bai yi godiya irin ta jiya ba, kuma hakan ya fi mini. Ya ɗaure ragonsa, ya ɗaga murya ya ce a tuɓe wa ƙanen Nafi'u rigar makarantar nan a wanke.

Dawowa ba ta da labari, in ban da jandarman da ya tambaye ni ko an sasanta da rago. Mu uku a kan babur har da mai shi, Nafi'u a tsakiya inda ragon ya zauna, kuma shi bai soke ni da ƙaho ba. Da kwamiti ya zauna na faɗi hukuncina, na kuma faɗi cewa makarantar da ta bar aji rabin shekara ba malamin lissafi ita ma tana da nata kason. Wani malami ya ce ƙasa-ƙasa, amma yadda zan ji, wai rago ya tafi ya bar aikinsa. Zuciyata ta tafasa, hannuna har ya tashi zai bugi tebur. Na mayar da shi aljihu. Har yau ana faɗa a gari, na sani, kuma yana yi mini zafi. Hajara ma ba ta yafe ba, ta ce ita dusarta da tukuicinta sun tafi a banza.

Malamin lissafi dai na samo, da ƙyar da naci da jelen ofisoshi. Makon jiya aka yi musu gwajin farko. Ina ofis Nafi'u ya yi sallama, ya ajiye takardarsa a kan teburina. Makin ba na nuna wa baƙo ba ne, da ƙyar ya haye rabi. Kafin in buɗe baki ya sunkuya ya naɗe ƙafar wandonsa har gwiwa, ta dama, sannan ta hagu. Babu komai a jiki sai kaushi da tabon ƙayar kiwo.

Na daka masa tsawa na ce ofishina ba wurin wanki ba ne, ya koma aji. Na juya ina neman wani abu a cikin kabad har na ji ya rufe ƙofa, don ba na so ɗalibi ya ga idon Malam Dorina a wannan halin.